Haƙorin Yanke Zare

Umma ba ta taɓa yanke zare da almakashi ba. Tun ina ƙarama nake kallonta: in ta kai ƙarshen ɗinki sai ta ɗaga ƙafar keke, ta jawo rigar zuwa bakinta, ka ji ɗan ƙas, zare ya rabu. Haƙori ɗaya ne ke wannan aiki, na sama a hagu, mai tsinin nan, har zare ya yi masa 'yar hanya a baki. Almakashinta na yanka yadi ne kawai, kuma duk wanda ya kuskura ya yanka takarda da shi ya shiga uku.

To wannan haƙorin ne ya ruɓe.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ni da nake biyowa ta shagonta kullum in na tashi daga makarantar da nake koyarwa, da hanci na fara ganewa. Shagon ɗaki ne guda a gaban gidan, taga ɗaya tana kallon titi, kuma tun da na san shi ƙamshin sabon yadi da man keke yake yi. Sai ga shi ya koma ƙamshin kanumfari. Daga nan na lura ta daina shan ruwan sanyi, tana tauna ta gefe ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da mai kawo mata maɓallai ya kawo waɗanda ba su ta ce ba, ta karɓa ta ajiye ba ta ce masa uffan ba. Umma da ba ta barin ko ta kwana!

"Umma, me ya sami kumatunki?"

"Ƙiba nake yi."

"A gefe ɗaya?"

"Ta nan ta fara. Malama, in ba ki da aikin yi ga tsintsiya can."

In ta kira ni Malama, to na fara isarta ke nan. Na ajiye jakata na zauna a bencin masu jiran ɗinki, na ce ba inda zan je sai ta buɗe baki na gani. Muka kai ruwa rana kafin ta buɗe. Haƙorin ya yi baƙi daga gindi, dasashin ya kumbura ya yi jawur. Na ce gobe za mu je wurin likitan haƙori. Ta ce sai dai in je ni kaɗai in gaishe shi.

Na san dalilinta, duk gidanmu an sani. Yayarta, wadda muke kira Inna Babba, an taɓa cire mata haƙorin sama, bayan wasu shekaru idonta ya rufe. Kowa ya san ciwon suga ne da ita, kuma ba ta yarda ta sha magani ba har ta koma ga Allah. Amma a wurin Umma magana ɗaya ce: jijiyar haƙorin sama da ta ido uwarsu ɗaya, in aka ja wannan waccan ta biyo.

"Da idon nan na ciyar da ku bayan rasuwar mahaifinku," in ji ta. "Da shi na sa ki a makarantar da kika koyo yi mini gardama. Haƙori ya yi ta ciwonsa, ai ba da shi nake ganin allura ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni mace ce mai son a yarda da abin da yake a fili. Na kawo mata bayani iri-iri, na kira ƙanena Auta a waya ya yi nasa, duk ta yi kunnen uwar shegu da mu. Abin da ya karya ta a ƙarshe ba bakinmu ba ne. Kumburin ne ya hau sama har ya fara danne mata idon hagu, ga zazzaɓi. Da safe na same ta zaune a bakin gado ta riga ta yafa mayafi, ta ɗaure fuska tamau.

"Tunda a zaune ma zai ci idon, mu je su ƙarasa shi," ta ce.

Likitar haƙorin mace ce, ba za ta girme ni ba, mai magana a hankali. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta miƙa wa Umma, ta nuna mata da bakin biro inda saiwar ta tsaya da inda ido yake, ta ce babu abin da ya haɗa su, barin ruɓaɓɓen haƙori shi ne haɗari. Umma ta riƙe hoton can nesa da fuskarta, ta yi masa kallo ɗaya ta mayar.

"Na gani," ta ce.

Aka ba ta magani ta sha har kumburin ya sauka, sannan muka koma.

Ranar cirewar an bar ni na tsaya a gefe don ta ƙi sakin hannuna. Likita ta ce ta rufe ido ta saki jiki. Ina! Umma ta ware idanu biyu ta kafe fitilar da ke saman kujerar, ko ƙiftawa ba ta son yi. Tun a hanya ta gaya mini, in ganin zai tafi tana so ta gan shi yana tafiya. Aka yi mata allurar kashe zafi, aka jira leɓenta ya mutu, likita ta kama haƙorin ta rinƙa girgiza shi a hankali. Ina jin yatsun Umma suna nutsewa a cikin tafina. Can sai na ji ƙarar abu ya faɗa cikin faranti. Umma ta dubi fitila, ta dubi likita, ta dube ni, ta rufe idon dama ta sake duban mu da na hagu. Hawaye ya gangaro mata ta gefen kunne, ni ma na ji nawa sun kawo.

Likita ta ɗinke wurin, ta sa mata auduga ta ce ta danne da ƙarfi. Sannan ta jero mana dokoki: kada ta tofar da yawu, kada ta kuskure baki a ranar, kada ta tsotsi komai, kada ta sa harshe a ramin, don jinin da zai daskare a ciki shi ne murfin ciwon, in ya fita za ta ji jiki. Ta ce ta rage surutu. Wannan dokar ta ƙarshe ta fi wa Umma cire haƙorin zafi.

Na kwaso 'yan kayana na dawo gidan don in yi jinya. Ranar farko da hannu ta yi ta mulki, tana buga hannun kujera tana nuna mini inda ban share ba. Nakan naɗe ƙanƙara a tawul in ɗora mata a kumatu, in dama mata dankali ya yi laushi, in murƙushe ayaba, in bar shayi ya huce kafin in ba ta. Da gari ya waye aka fara ruwan ɗumi da gishiri, kuma sai da na koya mata yadda za ta sunkuya ta buɗe baki ruwan ya zubo da kansa. Ta ce ta rayu ta ga ranar da 'yar da ta yi wa wanka ke koya mata zubar da ruwa.

Kowace safiya kafin ta ce da ni komai sai ta je taga, ta rufe ido ɗaya ta dubi allon shagon mai gyaran babur da ke tsallaken titi, ta sauya ido ta sake duba. In ta ga allon yana nan sai ta juyo ta tambayi abin karyawa.

Dokar harshe kuwa ba ta daɗe ba. Da bakin ya fara sakinta, magana ta farko mai tsawo da ta yi a kan ɗinkin likita ce.

"Yarinyar nan tana da kirki, amma ba ta iya ɗinki ba. Ƙulli uku ta yi, kowanne da inda ya dosa, ga bakin zare ta bari yana reto."

"Umma, an ce kada ki sa harshe."

"Ban sa ba. Wucewa ya yi ya gani."

Da muka koma aka cire zaren, sai da ta faɗa wa likitar haka a gaban idonta, likita ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce wurin ya warke sumul. Amma ta ƙara da cewa yanke zare da haƙori ya ƙare: na gaba suna girgiza, na dama kuma ba shi da abokin haɗuwa a ƙasa, don tuni wancan ya faɗi. A hanyar dawowa na saya wa Umma ɗan ƙaramin almakashi mai kaifi, na ɗaura masa igiya don ta rataya a wuya. Ina ta murna, a ganina mun gama.

Aikin da ta fara ɗauka bayan jinya na maƙwabciyarmu ne, matar mai gyaran babur. Ta sami aiki a wani kanti, tana son rigar da za ta fara zuwa da ita, ta kawo yadi shuɗi mai taushi. Ina shagon ranar da Umma ta kai ƙarshen ɗinkin wuya. Ta ɗaga ƙafar keke, ta jawo rigar zuwa baki kamar kullum, zaren ya shige giɓin ya fito lafiya lau. Muka yi dariya mu biyu. Ta laluba ƙirjinta ta kamo almakashin.

Daga nan dariyar ta tsaya. Ta matso da rigar kusa da fuska, ta janye ta nesa, ta karkata wajen taga. Ta sa yatsa ta lalubo zaren, ta kai almakashi, ta datse. Zaren yana nan. Wuyan rigar ne ya tsage, tsawon ɗan yatsa, a gaba inda kowa zai gani.

Ta shafa wurin da yatsa, ta sake shafawa. Sannan ta ajiye rigar a hankali.

"Na gaya muku," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kun cire mini ido."

Na ce ta dubi titi ta gaya mini abin da ta gani. Ta lissafa mini komai, har karen da ke kwance ƙarƙashin mota. Na miƙa mata tef ɗin awonta na ce ta karanta lambar da yatsana yake kai. Ta kawar da kai.

Ta cire almakashin daga wuya, ta jawo tsohon zanen gado ta lulluɓe keken, ta shige cikin gida.

Ni kuwa na zauna a bencin nan, abubuwa suka rinƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Na dubi zaren da ke jikin rigar, fari ne, a kan shuɗin yadi. Ya fi shekara biyu Umma ba ta ɗinki da wani zare sai fari, babban ƙunshi, wai ya fi ƙarko, ashe don kada ta riƙa sauyawa ne. In ya tsinke kuma sai ta jira wani ya shigo ta ce, ke da kike tsaye zura mini, hannuna da maiƙo. Ni kaina na zura mata ba adadi. Ta daina karɓar aikin ado a wuya da hannu, wai 'yan matan yanzu sun cika iyayi. Miƙaƙƙen ɗinki kuwa yatsunta sun san hanya ko a rufe da ido. Wuri ɗaya ne yake buƙatar gani sosai, gindin zare, inda za a yanke shi dab da yadi. Nan harshe ke lalubowa, haƙori ya datse. Haƙorin nan ya daɗe yana yi mata gani, mu kuma muka kai shi aka cire.

Kunya ta kama ni. Kullum ina shagon, ina taƙama da lura, ina gane ɗalibin da ba ya hango allo tun daga ƙarshen aji, amma ban gane uwata ba.

Matar mai gyaran babur ta zo da yamma, na nuna mata ɓarnar ina ba ta haƙuri. Ta ce haba, Umma da ta yi mata ɗinkin aurenta, ai ko fure aka ɗora a wurin ya wuce. Umma tana jin mu daga ɗaki, ba ta fito ba.

Haka aka shiga wata jinyar wadda ba ni da maganinta. Bakin ya warke, tana cin komai, amma abincin ba ya shiga. Ta daina zuwa taga da safe. Shagon yana rufe, masu kawo ɗinki suna ƙwanƙwasawa suna komawa. Auta ya ce a waya ai dama lokacin hutunta ya yi, a sayar da keken kowa ya huta. Na ce masa ya zo da kansa ya faɗa mata in yana da ƙarfin hali. Na san Umma: in aka raba ta da keken nan, zama za ta yi tana jiran ranarta.

Maganin a bakina yake, tabarau. Amma na taɓa furta kalmar sau ɗaya a baya, da na ga tana miƙa hannu nesa don duba waya, ta kusa cinye ni ɗanya. Wai tabarau na tsofaffi ne, kuma wa zai kai yadinsa wurin tela mai ido huɗu? Yanzu ga gaskiya tana yi mini ƙaiƙayi a harshe. Ina so in ce, Umma, ba haƙori ba ne, idon nan ya daɗe da gajiya, ga farin zare shaida. Aikina ke nan, gyara kuskure da jan biro. Na shiga ɗakinta da niyyar faɗa, na same ta zaune ta haɗa hannuwa a cinya, hannuwan da ban taɓa gani a zaune haka ba. Sai maganar ta juye a bakina.

"Umma, tunda mu muka kai ki, mu ya kamata mu nemi gyara. Akwai mai duba ido kusa da makarantarmu. Mu je ki gaya masa abin da aka yi miki."

Ta ɗago ta dube ni. Na ga wani abu ya motsa a fuskarta.

"Wato kin yarda."

Na haɗiye abin da na haɗiye. "Mu dai je, Umma."

"Yau kika yi magana irin ta masu ilimi," ta ce, ta miƙa hannu ta jawo mayafi.

A hanya sai ga Umma ta dawo Umma. Ta gaya wa direban motar haya, ta gaya wa matar da ke kusa da ita, har da buɗe baki tana nuna giɓi. Ashe ciwon da wani ya jawo maka ya fi tsufa daɗin faɗa. Ni dai ina kallon waje.

Mai duba idon dattijo ne, shi ma da nasa tabarau a karan hanci. Ɗakin ƙarami ne, kujera ɗaya mai tsawo, allon haruffa a bango, da akwatin katako cike da gilasai jere. Umma ta zayyana masa labari tun daga kanumfari har wuyan riga. Ya buɗe baki zai yi magana, na yi wani tari da ban shirya ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya fasa maganar, ya ɗauki 'yar fitilarsa ya haska idon dama, ya haska na hagu, ya sa ta karanta allon bango. Ta karanta har layin ƙasa tana harararsa.

"Mama, haƙori bai taɓa idon nan ba, lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Aiki ya yi ya gaji. Idon da ya shekara yana bin allura, dole wata rana ya nemi mataimaki."

"Ka faɗi naka, na san nawa," in ji Umma. Amma ba ta tashi ba.

Ya ɗora mata wani tabarau na ƙarfe mai nauyi, irin na gwaji, ya miƙa mata kati mai ƙananan rubutu. Ta ce wannan rubutu ne ko tururuwa? Ya zare gilashi ya sa wani. Ta ce tururuwan sun fara tsayawa wuri ɗaya. Ya sake sauyawa.

Umma ta matsar da katin, ta bi layin ƙarshe da yatsa, leɓenta yana motsi. Ta ajiye katin ta juya tafin hannunta, ta daɗe tana kallon kan yatsunta da allura ta yi wa ɗigo-ɗigo. Na matso kusa da ita don in ga ko lafiya, na sunkuyo har kafaɗarmu ta haɗu. Sai ta juyo.

Ta dube ni. Ba irin kallon da na saba ba, na neman abin da zan yi a yi mini faɗa. Ta bi goshina, ta bi gefen idona, ta sa yatsa ta ɗan ture ɗankwalina baya.

"Furfura ce wannan?"

"Ta daɗe, Umma."

"Da wannan layin na gefen baki?"

"Shi ma."

Ta kama fuskata da hannu biyu. Ta cikin gilasan nan idanunta sun yi manya-manya, na ga ruwa ya cika su. Ni da na zo da shirin yi mata dariya, sai na ɗora hannuna a kan nata.

"Ashe na daɗe ban gan ki ba," ta ce.

Dattijon ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce nata zai fito nan da 'yan kwanaki, ya miƙo hannu zai zare na gwajin. Umma ta ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ta waiwaya ba.

"Dakata tukuna, bawan Allah. Ban gama kallon 'yata ba."